Shekarar da Kifin Baba Ɗanjuma Ya Daina Ci

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Yaro zai shigo shagona a Dabokpa, waya a hannu, ya nuna mini hoton kifi ya yi rigingine a cikin tankin gilashi, ya ce, "Mma Azara, wane magani zan zuba?" Kamar dai ina da wata kwalba a ƙarƙashin tebur da aka rubuta wa sunan kifinsa. In na tambaye shi daga ina ya samo ruwan, wa ke ba kifin abinci, me ake kunnawa a ɗakin don sauro, sai ya ɓata fuska, wai ina ja masa rai. A ganinku sana'ar nan gilashi ce da ruwa da kifi, a haɗa su a koma gefe a sha kallo. To ku gyara zama in ba ku labarin aiki guda, a shekarar da famfo ya ƙafe mana. A aikin nan ba kifi kaɗai ke hannuna ba. Akwai wani tsoho a Jisonayili da ya daina cin abinci saboda kifinsa ya daina, kuma in kifin ya mutu babu wanda ya san yadda za a yi da tsohon.

Da safe ne, a tsakiyar bazara, lokacin zafin nan na Tamale da ke sa kwalta ta yi laushi. Ina goge gilashi sai ga wata mace ta tsayar da babur a ƙofar shago, ta shigo ba ta ko cire makulli ba. Hawa sunanta, atamfa take sayarwa a kasuwa.

"Dasiba, Mma," ta yi mini ina kwana da Dagbanci.

"Naa. Lafiya dai, 'yata?"

"Lafiya babu oo. Kifin babana duka ya mutu, saura guda. Shi ma be ci abinci ba kuraa, ko kaɗan. Tsohon ya ce in kifin be ci ba, shi ma ba ya ci."

Na ba ta wuri ta zauna, ta zayyana mini. Mahaifinta, Baba Ɗanjuma, masunci ne a Yapei, a bakin kogi aka haife shi, iyayensa daga ƙasar Kabi suka biyo ruwa har suka yada zango a can. Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki na hagu, ta ɗauko shi ta kawo gidanta. Mutumin da tun tasowarsa yake kwana yana jin motsin kogi, aka kawo shi garin da ake sayen ruwa a jarka. Ya juya wa kowa baya ya zuba wa bango ido. Shi ne ta saya masa tanki da 'yan kifayen ado. Ranar farko ya dube su ya ce, wannan kifi ne ko fure? Amma ba a daɗe ba ya ce a matso masa da tankin kusa da gado, daga nan har magana ta fara dawo masa. Yanzu ga shi kifayen sun bi juna sun mutu, saura babban cikinsu. Tsohon ba ya karɓar komai a hannunta sai ruwa da ɗan shayi. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi an sa masa roba ta hanci, shi kuwa ya rantse ba mai fitar da shi daga ɗakin nan.

Na ɗaure kayana a bayan babur na bi ta. Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba wanda zai burge ku a ciki. Bokitin da sabulu bai taɓa shiga ba. Tiyo na zuƙe dattin ƙasan tanki. 'Yar raga mai laushi. Ma'aunin zafi. Gishiri mai tsakuwa, ba na leda ba. Shuɗin magani a ƙaramar kwalba. Famfon iska mai batir, don wuta a shekarar nan sai ta ga dama take zuwa. Jarkokin ruwan da ya kwana ya huce. Sai kujera 'yar tsuguno, wadda ita ce babbar cikinsu, ko da yake duk gidan da na shiga da ita sai an yi mini dariya.

Kujerar nan a wurin Masta Kofi na gaje ta, mutumin kudu, Kirista, mai yanka gilashin taga a Kaladan. Shi ya koya mini aikin. Koko nake sayarwa a gefen shagonsa ina budurwa, kuma yana da wasu tankuna a can ciki da yake haɗawa da ragowar gilashi. Na kan shagala da kallonsu har kokon ya huce a tukunya. Wata rana ya ce da ni cikin Hausarsa ta kasuwa, "Azara, ka zaɓi guda, ko koko ko kifi." Na zaɓi kifi. Na ɗauka zai ba ni raga da magani. Sai ya ajiye mini kujera a gaban tanki ya ce in zauna, kada in taɓa komai. Haka na yi ta zama, mako na bin mako, haushi kamar ya kashe ni. Da yamma ya tambaye ni me na gani, in ce kifi na gani, ya ce gobe ma in zo in zauna.

Sannu a hankali idona ya buɗe. In kin daɗe a gaban tanki, ƙarar babura a titi tana ja da baya, ta koma kamar daga wata unguwa take zuwa. Hasken rana ya ratsa ruwan ya hau rufin ɗaki yana rawa. Numfashinki ya bi na kifin ba tare da kin sani ba. A nan ne za ki lura wannan ya tsuke fiffikensa a jiki, wancan yana goga cikinsa a dutse, wancan kuma kunnensa, wato marfin nan na gefen kai da yake numfashi da shi, yana buɗewa da sauri fiye da jiya. Kifi ba ya kuka, ba ya nuna inda ke masa ciwo. Ranar da na ce wa Masta Kofi akwai wanda ke iyo a karkace tun safe, bai ce na yi daidai ba. Raga kawai ya miƙo mini.

Ɗakin Baba Ɗanjuma na fuskantar gabas, da taga guda. Na same shi a jingine da matashi, dogon mutum baƙi, kafaɗun masu tuƙa kwalekwale amma naman ya zube, fatar wuya ta saki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a hankali, harshen yana ɗan sarƙewa, idonsa kuwa bai bar tankin ba.

"Ɗiyata, ke ce likitan? Ga Alhaji nan. Duba min shi."

Alhaji farin kifi ne mai tumbi, da jan tudu a ka kamar ya sa hula, shi ya sa tsohon ya raɗa masa sunan. Jelarsa doguwa ce, irin wadda in da lafiya take bin sa a baya tana kaɗawa kamar mayafi. Ranar nan kuwa jelar ta yamutse, da jajayen zare-zare a cikinta. Yana can sama ya kafa baki a fuskar ruwa yana haki, in ya gaji ya sulalo ƙasa ya kwanta a karkace. Ruwan kuma garau, kamar ba ruwa a ciki. Wannan hasken ne ya fara tayar mini da hankali.

Sai kun san shekarar nan za ku gane dalili. Famfo ya ɗauke tun kafin bazara ta kankama. Motar ruwa sai mai dogon hannu. Sauran jama'a dam suke zuwa, su ɗebo jan ruwa mai laka, su jefa masa alif, wanda a nan muke ce wa alom, lakar ta kwanta, ruwan ya fito fes. Kowace mace a garin nan ta iya wannan tun tana yarinya, kuma ba wanda zai ga laifinta, da shi aka yi wanka aka yi wanki aka rayu. Amma kifi a cikin ruwan yake numfashi, alif kuwa ƙona masa kunne yake. Akwai wata malamar makaranta a Kaladan da ta wayi gari ta tarar da tankinta duka sun taso sama, kifayen da ta yi shekaru tana reno, ga ruwa yana sheƙi. Ta tsaya tana tambayata me ta yi, alhali tsafta kawai ta yi. Ni kaina a shagona rabin tankunan a bushe suka ƙare shekarar, don ruwan saman da na tara tun damina bai isa kowa ba.

Na tambayi Hawa ko tana sa alom.

"Ina sa mana, Mma. Ruwan dam ne fa, ja paa. Kuma duk Lahadi ina juye tankin duka, in wanke dutsen da sabulu, ya yi kyau."

Na dafe kai. Na ce da ita daga yau ta raba tankin nan da alom da sabulu, kuma kada ta ƙara juye ruwan gaba ɗaya, don tsohon ruwa da tsohon dutse su ne gidan kifi, in an sauya su a tashi guda kamar an rushe masa ɗaki ne yana ciki. Na zuƙe wani kaso na ruwan, na mayar da nawa a hankali ta gefen gilashi, na narka ɗan gishiri, na ɗiga shuɗin magani, na sa famfon iska. Na tafi gida ina jin na gama aiki.

Washegari Alhaji ya ɗan miƙe. Bayan kwana biyu kuma ya koma gidan jiya, har ya fi da. Ruwan da na bari da tsafta ya yi hazo-hazo, ga wani maiƙo kwance a samansa, in haske ya taɓa shi sai ya yi launi-launi. Na sunkuya na sunsuna. Ku kan yi dariya in kun ga ina sunsuna tanki, to hanci ma kayan aiki ne. Lafiyayyen tanki ƙamshin ƙasa yake bayan yayyafi. Wannan kuwa tsami yake, kuma can ƙasan tsamin akwai wani abu da hancina ya sani sarai amma ban taɓa haɗuwa da shi a tanki ba. Daddawa ce. Na zura tiyo cikin tsakuwa na zuƙa, sai ga wasu fararen gutsattsari masu yauƙi suna bin tiyon zuwa bokiti.

Na ja Hawa waje na tambaye ta wa ke ba kifin abinci. Ta ce ita ce, da safe, daga gwangwanin da aka sayar mata, kuma tun da ya kwanta ma ta daina. Na ce, tsohon fa, da rana wa ke tare da shi? Ta ce ba kowa, tana ajiye masa tuwo a rufe a kan kujera ta tafi kasuwa, in ta dawo ta tarar ya ɗan gutsiri gefe guda, shi ke nan abin da yake ci. Na ce ta je kasuwarta, yau ni zan yini a nan.

Na kafa kujerata a kusurwa na yi shiru, har tsohon ya manta da ni. Rana ta hau, hasken ruwan ya koma kan bango yana lilo a saman kansa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kumfar iska. Shi da kifin suna kallon juna, ni ina kallonsu, har na rasa tsawon lokacin da muka ɗauka a haka. Da aka kira azahar ya yi sallarsa a zaune. Sannan ya jawo kwanon da hannun dama, ya buɗe, ya wanke yatsunsa a ƙoƙo, ya gutsiri tuwo, ya dangwala a miyar ayoyo, wato lalo, ya miƙa hannu ta saman tankin.

"Alhaji, bisimilla."

Lomar ta nutse tana barin zaren miya a bayanta. Alhaji ko motsi bai yi ba. Tsohon ya jira, ya jira. Ya sake gutsira, ya sake miƙawa. Da ya ga ba a taɓa ba, sai ya rufe kwanon, ya wanke hannu, ya koma ya jingina.

Ashe ɗan gefen tuwon da Hawa ke gani ya ragu, tana samun sauƙi a ranta, ba cikin mahaifinta yake shiga ba. A garin nan ko a tasha ka buɗe leda za ka ci, sai ka ce da na kusa da kai bisimilla. Shi kuma tsohon ya ɗauki kifayen nan baƙinsa, tun ranar da ya sake da su yake raba kwanonsa da su. Tuwon ya ruɓe a tsakuwa, ruwan ya lalace, kifi ya kasa ci. Kifi ya kasa ci, tsohon ya ƙi ci, ya ƙara zuba masa ko zai karɓa. Haka suke ta jan juna ƙasa, shi da baƙonsa.

Ni ba ni da haƙurin baki, kowa ya sani. Na tashi na ce, "Baba, kai fa masunci ne! A ina ka taɓa ganin an zuba wa kifi miya da mai?"

Ya juyo ya dube ni. "A kogi mi ba mu zubawa? In mun ci a jirgi, ragowar ta ruwa ce. Ba wanda ya mutu."

"Kogi tafiya yake, Baba. Abin da ka zuba yanzu, kafin la'asar ya yi nisa. Wannan ruwan ba ya zuwa ko'ina. Abin da ka sa masa, a ciki Alhaji zai kwana, a ciki zai numfasa."

Na ga maganar ta shige shi, kuma ta yi masa ciwo, har na so a ce na sassauta murya. Na ɗauko gwangwanin abincin kifi na ce in Alhaji ya warke, wannan zai riƙa ba shi da hannunsa kafin ya ci nasa. Ya karɓa, ya sunsuna, ya ɗora ƙwaya guda a harshe, ya tofar.

"Ɗiyata, ke kina ba baƙonki abin da ba ki iya sa wa bakinki?"

Na ce to ko ma mene ne, kifi mai ciwo hutun ci yake bukata, sai cikinsa ya sauka, don haka shi ya ci abincinsa kawai, Alhaji ba zai yi fushi ba. Ya ce baƙo na kwance da yunwa a ɗakinsa ba zai buɗe kwano ba, ubansa bai yi ba, shi ma ba zai fara da tsufa ba. Ya juya fuska bango.

Da Hawa ta dawo na gaya mata komai a tsakar gida. Ta zauna a bakin rijiyar da ta ƙafe ta riƙe kai. Can ta ɗago.

"Mma, ba ki da irin shi a shago? Mu canja shi in Baba yana barci. Sabon zai ci, shi ma sai ya ci."

Na ce ina da fari mai jar hula, amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane kifi daga yadda ruwa ya motsa, kuma yanzu ba shi da aikin da ya wuce kallon wannan guda ɗaya, ba za a yi masa musanya ya kasa ganewa ba. In ya gane kuwa, daga ranar ko ruwa ba zai ƙara karɓa a hannunta ba. Hanya ɗaya ce, Alhaji ya tashi, kuma a samo abin da su biyun za su ci daga tukunya guda.

A kan babur ina komawa abin ya faɗo mini. Wake. Irin waɗannan kifaye masu tumbi, in cikinsu ya kumbura suna iyo a karkace, dafaffen wake da aka cire wa ɓawo aka murtsuke yana sauke musu ciki, kuma in kaɗan ne ba ya ɓata ruwa. Da safe na kai wa tsohon maganar. Na ce Hawa za ta dafa wake, ba kanwa, ba gishiri, ba mai. Loma ta farko ta Alhaji ce, ɗan mitsitsi daidai idonsa, sauran nasa ne.

"Tukunya guda?"

"Tukunya guda, Baba. Amma sai ranar da na ce. Kafin nan ko ƙwayar gero kada ta faɗa ruwan nan."

Ya ce ya ji. Na ce to ya ɗan sha koko kafin ranar. Ya ce shayi dai.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na yi a sana'ar nan, kuma na ji tsoro ƙwarai. Kullum da safe ina Jisonayili da jarka, ruwan da na hana tankunan shagona. In zuƙe kaɗan, in mayar da kaɗan, in duba jelar, in duba kunnen. In na ɗaga kai in duba tsohon, shi ma kullum akwai abin da ya ragu a jikinsa. Hawa ta daina zuwa kasuwa. Ta haɗa masa kayan asibiti a jaka ta ɓoye a bayan ƙofa.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa, batirin famfon iska ya mutu da tsakar rana, zafi kuwa kamar a gasa gurasa a ɗakin. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska, nan da nan Alhaji ya koma sama yana haki. Na jiƙa zani na lulluɓe gefen tankin, na ɗauki ludayi na fara ɗibar ruwan ina ɗagawa ina tsiyayar da shi a hankali, don ya faɗo da iska. Hannuna ya fara gajiya sai na ji tsohon ya ce, "Kawo."

Ya karɓi ludayin da hannunsa mai lafiya. Ban taɓa ganin an yi aikin nan da kyau irin nasa ba. Ya ɗiba, ya ɗaga, ya karkata, ruwan ya zubo siriri ba ya fantsama, ya sake ɗiba, ba sauri ba jinkiri, hannun da ya saba kwarfe ruwa daga kwalekwale. Idonsa a lumshe. Can ya fara magana, ba da ni ba, ba da Hawa ba. Yana ba Alhaji labarin kogi. Yadda hazo ke kwanciya a kan ruwa da asuba har ba ka ganin bakin jirginka. Yadda giwan ruwa ke juyi a ƙarƙashi ka ji jirgi ya ɗaga ya sauka. Wani gurbi a ƙarƙashin itatuwa inda ruwa ke da sanyi ko a bazara, karfasa na taruwa a inuwar, in ka yi shiru kana jin su suna tsotsar saiwa. Ƙarar ludayin na tafiya da muryarsa. Ni da ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai na ji ɗakin yana ɗan lilo, bangon ya ja baya, kamar in na sauke hannu daga kujera zan taɓa ruwa. Hawa na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta manta da shara. Har wuta ta dawo bai ajiye ludayin ba.

Daga ranar jajayen zaren jelar suka fara dushewa. Alhaji ya bar fuskar ruwa ya dawo tsakiya. Wata safiya na zauna ina kallonsa sai na ga ya buɗe fiffiken bayansa ya tsayar, ya sauka ƙasa ya ɗauki tsakuwa a baki ya tofar. Kifin da ke tonon tsakuwa abinci yake nema. Da son raina ne da na ƙara masa kwana, amma na dubi tsohon, leɓensa ya bushe, gaisuwa ma da ƙyar ya amsa ta. Na ce da Hawa ta ɗora wake.

Ta kawo shi a kwano, fari, yana tururi, ba komai a kansa. Muka jira ya huce. Na nuna wa tsohon yadda zai murje ɓawon da yatsa, ya yi da kansa. Ya gutsiri ɗan mitsitsi ya miƙa ta saman tankin.

"Alhaji, bisimilla."

Waken ya sauka a hankali yana juyawa, ya wuce ta gaban Alhaji, ya kwanta a kan tsakuwa. Alhaji bai kula ba. Ya yi gaba zuwa ɗaya kusurwar, ya tsaya yana kaɗa jela. Na ga hannun tsohon ya fara lalubar murfin kwano, na kuwa san in ya rufe shi yau, gobe jakar nan ta bayan ƙofa za a ɗauka.

Alhaji ya juyo. Ya biyo ƙasa yana sunsuna tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman abin da ya yar. Ya iso wurin waken, ya tsaya a kansa, ya zuƙe shi. Ya tofar. Hawa ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Na ce mata a hankali ta bari, haka suke yi. Ya sake zuƙa. Bakinsa ya motsa, ya motsa, kunnuwan suka buɗe suka rufe. Muka jira ya fito da shi, bai fito da shi ba.

"Ya ci," in ji Baba Ɗanjuma.

Ya saki murfin. Ya jawo kwanon kan cinyarsa, ya yi bisimilla, ya ɗebi wake ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Ya ɗebi na biyu, ya tsaya da shi a hannu, ya ɓata fuska ya dubi 'yarsa.

"Hawa, ina mai da yaji? Ni ai ba kifi ba ne."

Ta fita da gudu ba takalmi. Ta dawo da kwalbar mai, ta durƙusa a gaban gadon za ta zuba, hawaye ya hana ta ganin kwanon, sai da na riƙe mata hannu.